Da sabon gini gara yaɓe: har da na'urar gem?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum. Ina da na'urar gem PlayStation 4 (PS4) guda uku a ɗan shagona, yara na biya su buga ƙwallo bayan Islamiyya, da su nake rufa wa kaina asiri. Daren Talata aka dawo da wuta da ƙarfi, ɗaya ta tsaya. In na danna, shuɗiyar fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, sai ta ɗauke. Na ce wa Baba zan sayar da ita a haka in cika kuɗi in sayo wata, ya ce mini: "Da sabon gini gara yaɓe." Ban yi masa musu ba, amma abin na cina. Wannan samfurin tun 2013 ya fito. Karin maganar nan ta hau kansa kuwa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Wasu na cewa "gwamma yaɓe", duk ɗaya ne. Maganar daga ginin ƙasa ta fito. Kafin damina maigida kan sa a kwaɓa ƙasa a bi katanga a toshe inda ta tsage, ya fi masa sauƙi a kan ya rushe ya buga sabon tubali. An fi kawo ta a zancen aure, in ana lallashin mutum ya mayar da matarsa maimakon ya nemo wata. Ka lura da kalmar "gara". Ba a ce yaɓe ya fi sabon gini kyau ba. An ce ya fi sauƙi ga mai abin da zai yaɓe.

Bafagge: Malam, a gafarce ni, amma karin maganar katanga ba ta hau kan kayan lantarki ba. Katanga in ka yaɓe ta ta koma sabuwa. Na'ura kuwa tana tsufa ta ciki ne, inda ido ba ya gani. Ni na kai tawa gyara sau uku a wata biyar, kuɗin da na kashe ya kusa sayen ta hannu. Garin neman gira na rasa ido, don a karo na uku ko fitilar ma ba ta kawo ba. Araha ba ta ado. PlayStation 5 ta fito tun Nuwamba 2020, kuma tana karɓar mafi yawan wasannin PS4. Ɗan Gwammaja, ka daure ka tara ka wuce wurin.

Ɗan Gwammaja: Yaya, kuɗin PS5 ɗaya ai jarin shagon ne kacokan. Tun da aka saki Naira a 2023 ban ƙara tambayar farashinta ba.

Mai gyara a Farm Centre (kasuwar wayoyi a Kano): Ku bari in sa baki, don wannan abincina ne. Bafagge yana da gaskiya rabi. Cutar PS4 iri biyu ce.

Akwai ta waje. Ramin HDMI, inda ake cusa wayar da ke kai hoto talabijin, ya karye saboda yara na fizgar waya. Akwatin wutar da ke ciki ya ƙone. Fanka ta cika da ƙura. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da ƙarfen sanyaya ta ya bushe. Duk waɗannan cirewa ake a sa wani. In ka buɗe wadda ta yi hunturu biyu a Kano ba a share ta ba, za ka tarar ƙura ta dunƙule a bakin ƙarfen kamar audugar katifa, da yatsa kake zaro ta. Shi ya sa take ƙugi kamar janareta. Wani lokacin har kyankyasai ne a cikin akwatin wutar, suna bin ɗumi.

Akwai kuma ta ciki, wato dalmar da ta riƙe ƙwaƙwalwar a kan fanel, babban allon da ke cikin na'urar, ta tsage saboda zafi da sanyi. A nan ake cutar mutane. Wani zai hura mata zafi, ta tashi a gabanka, ka biya ka tafi, bayan sati uku ta koma gidan jiya. Ina kyautata zaton abin da aka yi wa Bafagge ke nan. Ba mu kaɗai ba ne kuma: Xbox 360, na'urar gem ta kamfanin Microsoft, ta yi irin wannan ciwon na jar fitila, har Microsoft ya tsawaita garanti zuwa shekara uku a 2007, ya yi asarar fiye da dala biliyan 1.

Shuɗiyar fitila ba ta faɗin wanne ne a ciki. Amma tun da wuta ce ta buge ta, zargina na kan akwatin wuta.

Tsohon magini: Yaron nan mai gyara ya faɗi maganarmu bai sani ba. Shekara talatin na yi ina ginin ƙasa a cikin birni. Ba a taɓa kirana yaɓe na fara kwaɓa ƙasa ban duƙa na duba gindin katanga ba. Sai in ƙwanƙwasa da hannu. In ta amsa da nauyi, a kawo ƙasa da makuba. In na ji ta fanko, ko na ga gishiri ya ci gindin yana zuba kamar gari, sai in ce wa maigida kada ya ɓata kuɗinsa, don ruwan Agusta zai kwantar da ita da yaɓen duka, wataƙila a kan mutane. Gidan Makama bai kai yau ba sai da yaɓe. Ku je kuma ku dubi wasu sassan ganuwa da aka bari ruwa ya ci, can yaɓe ba shi da abin kamawa. Masu karin maganar sun san haka, ba su faɗa ba ne don kowa a lokacin ya sani.

Bafagge: To Baba, ke nan karin maganar tana da sharaɗi.

Malamin Hausa: Ni ban kira shi sharaɗi ba, yana cikin kalmar. Ba a yaɓe sai a kan abin da ke tsaye. Wanda ya kawo ta a kan abin da ya riga ya faɗi, shi ya yi kuskuren amfani.

Bafagge: Ban gamsu duka ba. Magini na ƙwanƙwasa katanga a gaban maigida. Ni fanel ba na iya karanta shi, abin da mai gyara ya faɗa shi zan ɗauka.

Maman 'yan biyu: Wannan ita ce damuwata. Ta yarana ta taɓa lalacewa, na ce sai dai a buɗe ina tsaye. Sannan ƙanena Ɗan Gwammaja, ka sani ta hannun da za ka sayo ma tsohon ginin wani ce, ba ka san sau nawa aka hura mata zafi ba. Taka ka san tarihinta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mai gyara a Farm Centre: Hajiya ta yi daidai. Ka ce a sa wani akwatin wuta a gwada kana kallo, minti kaɗan ne. In ta tashi, a bar ta tana wasa awa guda kafin ka biya. In aka ce sai an taɓa ƙwaƙwalwa, ka tambayi kuɗin. In ya doshi rabin farashin ta hannu, ka sayar da ita kayan gyara. Kuma ka sani, faifan ajiyarta ba ya karantuwa a wata PS4 sai an goge shi, don haka duk inda yara suka kai a wasa ya tafi, sai in ka taɓa kwafa a filashi.

Ɗan Gwammaja: Na gode muku. Na kai ta yau da safe, aka buɗe ina tsaye. Akwatin wuta ne, har baƙin ƙunar na gani da idona. An canja, an share ƙurar, an sa sabon mai, ta yi awa ɗaya da rabi ba ta ɗauke ba. Na biya, ragowar kuɗin na sayi sitabilaiza. Ranar Asabar zan kai sauran biyun a share su, don ɗayar ta fara ƙugi.

Bafagge: Allah ya sa ta ɗore. Ka dawo bayan wata uku ka faɗa mana.