Futur antérieur ya ƙi zauna mini: yaushe ake cewa "j'aurai fini", yaushe kuma "je serai partie"?

Ɗalibar_Agege:

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar DELF B2, ta ƙwarewa a Faransanci, a nan Legas, kuma akwai lokaci guda a nahawun Faransanci da ya ƙi zauna mini, wato futur antérieur, lokacin da ke nuna abin da zai riga ya kammala a nan gaba. Yaya ake gina shi? Me ya sa wani aikatau yake ɗaukar aurai, wani kuma serai? Sannan na rubuta "Quand j'ai fini mon travail, je t'appellerai" aka ja mini jan biro a kai, alhali a Hausa "idan na gama aikina zan kira ka" lafiya lau ne. Ina kuskuren yake? Allah ya saka da alheri.

Malamin_Badagry:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Idan kin iya passé composé, wato shuɗaɗɗen lokaci irin j'ai fini, kin gama rabin aikin, domin tubalin ginin ɗaya ne. Kalma biyu ce: mataimakin aikatau, wato avoir ko être, sai participe passé na ainihin aikatau, wato siffarsa irin fini ko parti. Abin da ya canza kawai shi ne mataimakin ya koma futur simple, wato lokaci mai zuwa. J'ai fini ya zama j'aurai fini, je suis partie ya zama je serai partie.

Saboda haka kalmomi 12 ne za ki haddace. Na avoir: j'aurai, tu auras, il aura, nous aurons, vous aurez, ils auront. Na être: je serai, tu seras, il sera, nous serons, vous serez, ils seront.

Shi kuma participe passé, aikatau mai ƙarewa da -er yana komawa -é (parlé), mai -ir irin finir yana komawa -i (fini), mai -re irin vendre yana komawa -u (vendu). Akwai 'yan tawaye da ba su bin wannan doka, sai hadda: fait, pris, mis, dit, écrit, lu, vu, bu, su, pu, voulu, reçu, ouvert, venu, né, mort. Ga vendre cikakke: j'aurai vendu, tu auras vendu, elle aura vendu, nous aurons vendu, vous aurez vendu, elles auront vendu. Kin ga vendu bai motsa ba daga farko har ƙarshe.

Zaɓen mataimaki kuwa ba sabon abu ba ne. Duk aikatau da ya ɗauki être a passé composé, shi zai ɗauka a nan. Su ne aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, monter, descendre, rester, tomber, retourner, naître, mourir, da 'yan'uwansu irin su revenir, devenir, rentrer. Sai kuma duk mai se a gabansa, kamar se lever da se coucher. Sauran duka na avoir ne. Ki kula, kada a ruɗe ki da cewa "aikatau na motsi" ne ke ɗaukar être. Courir, marcher da voyager duk motsi ne, amma j'aurai couru ake cewa. Rester kuwa ko ƙafa ba ya ɗagawa, ga shi a jerin être. Shi kansa être da avoir yake tafiya: j'aurai été, haka ma avoir, j'aurai eu.

Korewa tana rungumar mataimaki ne kaɗai: je n'aurai pas fini, elle ne sera jamais venue. Wakilin suna yana zuwa kafin mataimaki: je l'aurai vendu, je ne l'aurai pas vendu. A tambaya, mataimakin ake juyawa: auras-tu fini? aura-t-il fini?

Tafinta_Seme:

Malam ya yi bayanin gini. Bari in taɓa jimlar da aka ja miki biro, don a ganina nan ne gizo ke saƙar, ba a haddar kalmomi 12 ba.

Hausa ce ta jawo miki. Mu bayan "idan" shuɗaɗɗen lokaci muke sawa ko da abin bai faru ba tukuna: idan na gama, idan motar ta iso, idan an buɗe boda. Sai hannu ya kwafo wannan ya rubuta j'ai fini. Bafaranshe kuwa yana duban agogo ne. Aikin bai ƙare ba tukuna, a gaba zai ƙare, don haka bayan quand dole lokaci mai zuwa ya bayyana. Kuma tunda gamawar za ta riga kiran, ita ce ke ɗaukar futur antérieur, kiran ya ɗauki futur simple: Quand j'aurai fini mon travail, je t'appellerai. Haka abin yake bayan lorsque, dès que, aussitôt que, une fois que da après que. Dès que shi ne "da zarar" namu: Dès que le camion aura passé la frontière, je te préviendrai, da zarar motar ta tsallake boda zan sanar da kai.

Ba wai quand j'ai fini haramun ba ne a ko'ina. Idan al'ada kike faɗa, daidai ne: Quand j'ai fini mon travail, je rentre, wato kullum in na gama aiki sai in koma gida. Haɗa shi da je t'appellerai ne ya ɓata.

Tarko na biyu ya fi wannan. "Idan" ɗinmu kalma ɗaya ce mai aiki biyu, Faransanci kuma ya raba su. In kin tabbata abin zai faru, lokaci kawai ake jira, quand ne. In sharaɗi ne, mai yiwuwa ya faru ko kada ya faru, si ne, kuma si na sharaɗi ba ya karɓar futur kowane iri. Don haka "si tu auras fini" kuskure ne. Si tu as fini avant midi, appelle-moi ake cewa. Abin dariya, a nan Faransancin ya dawo ya yi daidai da Hausa. Wuri ɗaya da za ki ga si da futur antérieur tare shi ne inda si ke nufin "ko": Je ne sais pas si j'aurai fini, ban sani ba ko zan gama kafin lokacin.

Duba waɗannan biyun ki ga nauyin abin. Quand il arrivera, nous mangerons: sai ya iso za mu ci, muna jiransa. Quand il arrivera, nous aurons mangé: kafin ya iso mun riga mun cinye. Wanda go-slow ya riƙe a gadar Third Mainland ya san bambancin a cikinsa.

Ba lallai ne a sami jimla biyu ba. Wa'adi kaɗai ya isa: D'ici vendredi, nous aurons reçu la marchandise. À 18 heures, elle sera arrivée à Cotonou.

Ɗalibar_Agege:

Na gode ƙwarai malamai, yanzu na ga inda na zame. To "kafin" fa? Zan iya cewa avant que tu seras arrivé? Kuma Malam ya ce vendu ba ya motsi, amma na ga ya rubuta partie da venue.

Malama_Idi_Araba:

A'a ƙanwata, avant que ba ya cikin wancan jerin. Subjonctif yake ɗauka, wato siffar aikatau ta buri ko abin da bai tabbata ba, futur antérieur ɗin ya koma ɗaya ɓangaren: J'aurai fini avant que tu arrives, ko avant que tu viennes. Hausar ma haka take yi idan kin lura, "kafin ka zo na gama". Après que kuwa ƙa'ida ta ce indicatif, wato siffar aikatau ta yau da kullum, après qu'il sera parti, duk da za ki ji Faransawa da yawa suna sa subjonctif a baki. A takardar jarrabawa ki bi ƙa'ida.

Batun partie, Malam bai yi kuskure ba, vendu da avoir yake tafiya shi ya sa bai motsa ba. Da être, participe yana bin jinsi da adadin mai aikin: il sera parti, elle sera partie, ils seront partis, elles seront parties. Ke mace ce, don haka je serai arrivée za ki rubuta. Kunne ba zai taimake ki ba, duka huɗun sauti ɗaya ne, sai dai ido.

Amma zan ƙara wa maganar Malam gishiri. Ko da avoir, participe yana motsi idan karɓau ya riga aikatau zuwa. J'aurai écrit les lettres, babu ƙari. Les lettres que j'aurai écrites, ko je les aurai écrites, an ƙara -es saboda wasiƙun sun riga aikatau zuwa. Sannan sortir, monter, descendre, rentrer da retourner suna barin être su koma avoir da zarar sun sami karɓau kai tsaye. Elle sera sortie, ita ce za ta fita. Elle aura sorti les sacs, buhunan za ta fitar. Masu se ma suna da nasu: elle se sera lavée, amma elle se sera lavé les mains, domin hannuwan ne aka wanke kuma sun zo bayan aikatau.

Kuskuren da ya fi cin maki a rubutu shi ne harafin s guda ɗaya. J'aurai fini abu ne da zai tabbata. J'aurais fini wani lokaci ne daban, conditionnel passé, ma'anarsa "da na gama", abin da bai faru ba. Mutane da yawa sauti ɗaya suke furta su. In kin yi shakka, ki maye je da nous a ranki. Idan nous aurons ya zauna, aurai ne babu s. Idan nous aurions ya zauna, aurais ne. Haka za ki gwada serai da serais. Ki kuma raba je serai na être da je saurai na savoir.

Akwai amfani ɗaya da yakan rikita ɗalibai a sashen fahimtar rubutu, inda futur antérieur ba ya maganar gaba ko kaɗan. Zato ne kan abin da ya wuce. An jira mutum bai zo ba, sai a ce Il aura raté son bus, wato ƙila motar ce ta wuce shi, ko Elle aura oublié, da alama mantawa ta yi. Alamarsa ita ce babu quand, babu wa'adi, kuma ana neman dalilin wani abu da ya riga ya faru.

Ga gwaji, ki mayar da su Faransanci ki kawo a duba: da zarar 'yan matan sun dawo daga kasuwar Mile 12 za mu dafa, kafin Juma'a na riga na biya, idan ka karɓi kuɗin yau ka kira ni. Ta ukun tana da fassara biyu, ki kawo duka.