Neman littafin almara a kan yaron gawurtaccen ɓarawo

Baban Hafsa (Aboabo): Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ɗana mai shekara 15 ya matsa mini in samo masa littafin almara wanda a cikinsa yaro yake koyon sana'a a hannun gawurtaccen ɓarawo, ni kuwa ban san kan irin waɗannan littattafai ba. Wanne ya dace da shekarunsa?

Malam Idi (Asawase): Wa alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne The Lies of Locke Lamora na Scott Lynch, wanda ya fito a 2006. Locke maraya ne da aka sayar wa wani mutum mai suna Chains, wanda yake zama a ƙofar wani ɗakin bauta a birnin Camorr yana karɓar sadaka da sunan makaho, alhali idonsa garau. Abin da ya burge ni shi ne darussan da yake ba yaransa: girki, da lissafin kuɗi, da harsuna, da yadda masu sarauta suke magana da cin abinci, domin attajiri ya saki jiki da su har ya miƙa dukiyarsa da hannunsa. Sai dai gaskiya ashariya ta yi yawa a cikinsa, ga zubar da jini, don haka ba zan ba ɗan shekara 15 shi ba.

Maman Yusra (Sawaba): Yaya, ni shawarata ka saya masa Mistborn na Brandon Sanderson, littafi na farko, shi ma na 2006 ne, kuma harshensa ya fi tsabta. Yarinya ce, Vin, wadda Kelsier, shugaban wata ƙungiyar ɓarayi, ya tsamo daga hannun masu cin zalinta, ya koya mata sihirin da ake samu ta hanyar haɗiye ɓarɓashin ƙarfe. Kuza, alal misali, tana kaifafa gani da ji.

Malam Idi: Haka ne, Hajiya, amma a ganina Kelsier ya fi zama malamin sihiri a kan malamin sata, tun da shirin nasu tawaye ne ga sarkin da ya shekara 1000 a kan mulki.

Maman Yusra: Ai shi ya sa na zaɓe shi, Malam. Yaron zai sami dabarun da yake nema, amma hankalinsa zai tafi kan yadda Vin, wadda ba ta yarda da kowa ba, ta koyi amincewa da mutane. Akwai faɗa da kisa a ciki, gara Yaya ya sani.

Alhaji Baba (Tsohon Zango): Yara, kun manta da Dare Dubu Da Ɗaya. A ciki akwai Ali Zaibak na Masar, yaron Ahmad Danaf, wanda ya bi maigidansa zuwa Bagadaza ya yi ta gwada wayo da tsohuwa Dalila da 'yarta Zainab. An yi masa laƙabin ne da zaiba saboda ba ya kamuwa. Amma uba ya fara karantawa, domin ba kowane labari na littafin ne na yara ba.

Baban Hafsa: Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan fara da na Maman Yusra. Ƙanwata, ko kina da shi in ara kafin in shiga neman sa wajen masu tsofaffin littattafai a kasuwar Kejetia ta Kumasi?

Maman Yusra: Ina da shi, Yaya. Ka aiko yaron ranar Asabar bayan la'asar ya karɓa, amma ya riƙe shi da kyau, don bangon ya fara yagewa.