Me ya sa Bajamushe yake magana da Turanci a fim ɗin Amurka?

Garba Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar fim da ke cikinmu. A yawancin finafinan Amurka da suka shafi Yaƙin Duniya na Biyu, za ka ga hafsoshin Jamus su biyu a ofis, babu baƙo a tare da su, amma suna tattaunawa da Turanci, sai dai an ɗan karya musu harshe domin mai kallo ya gane ba Amurkawa ba ne. Haka ake yi wa Rashawa da Larabawa. Amma kuma akwai finafinan da ake barin kowa ya yi yarensa, a rubuta fassara a ƙasan allo. Mene ne yake sa mai shirya fim ya zaɓi wannan ko wancan? Kuma idan an yi yaren, shin masu shi suna gamsuwa, ko kuwa mu da ba mu ji ba ne muke ɗauka daidai ne?

Malama Hadiza Tudun Wada ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Garba. Amsar farko ita ce kasuwa. Matsalar ta taso ne tun daga 1927, lokacin da finafinai suka fara magana, domin kafin nan fim ba shi da yare, kwali ake sauyawa a rubuta bayani da harshen kowace ƙasa. Da murya ta shigo, kamfanoni sun rikice har suka riƙa ɗaukar fim ɗaya sau biyu: a 1930 an ɗauki Dracula da Turanci da rana, da dare kuma wasu 'yan wasa dabam suka shiga wurin ɗaukar suka maimaita shi da Sifaniyanci. Tsadar hakan ta sa aka koma ga ɗora murya da rubuta fassara, sannan masu zuba jari suka kafe a kan cewa ɗan Amurka ba zai biya kuɗin sinima ya zauna yana karatu ba. Daga nan Bajamushe mai Turanci ya samo asali.

Wannan zato ya sha ƙaryatuwa. The Passion of the Christ na 2004, wanda aka yi da Aramiyanci da Latin da ɗan Ibrananci, ya tara fiye da dala miliyan 600, sannan a 2020 Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim. Amma misalin da na fi so shi ne Inglourious Basterds na 2009, domin a nan yaren ne yake jan labarin. A farkonsa wani hafsan Jamus ya shiga gidan manomi a Faransa, suka fara magana da Faransanci, sai ya nemi su koma Turanci bisa hujjar cewa Faransancinsa ya ƙare. Gaskiyar dalilin ita ce ya san akwai Yahudawa ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓen ɗakin, kuma ba sa jin Turanci, saboda haka ana zancen ransu a bisa kawunansu ba su sani ba. Da kowa yana Turanci tun farko, da wannan fitowar ba ta yiwu ba sam.

Sani Mai Kyamara ya amsa:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan taɓa ɓangare na biyu na tambayar. Sau da yawa masu yaren ba sa gamsuwa, domin ɗan wasa haddace sautin kawai yake yi daga bakin mai koyarwa ba tare da ya san ma'anarsa ba. An yaba wa Dances with Wolves na 1990 saboda amfani da harshen Lakota na wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, amma wasu masu harshen sun yi ƙorafin cewa mazan fim ɗin suna magana irin ta mata, kasancewar harshen ya bambanta salon namiji da na mace, kuma mace ce ta koyar da su. Larabci ya fi shan wahala, inda za ka ji mutanen da aka ce 'yan ƙauye ɗaya ne, wannan yana na Masar, wancan na Maroko, na ukun kuma yana Larabcin littafi. Inda abin yake kyau shi ne idan aka ɗauko masu yaren da kansu, kamar Somaliyawan Minneapolis da suka fito a Captain Phillips, ko John Kani na Afirka ta Kudu da ya sa Xhosa ya zama harshen ƙagaggiyar ƙasar Wakanda a Black Panther.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Ina ganin mun cika zura wa Amurka ido, alhali tambayar ta shafe mu kai tsaye. A 2019 hukumar Oscar ta cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar finafinan ƙasashen waje, saboda ƙa'ida ta ce dole fiye da rabin maganar ta kasance ba da Turanci ba, shi kuwa Ibon da ke cikinsa bai wuce 'yan mintoci ba. Mutane da yawa sun fusata, suna cewa ai Turanci ne harshen gwamnati a Nijeriya. Ni ban ga zalunci a ciki ba, tunda an san ƙa'idar tun kafin a miƙa fim ɗin, kuma abin da ya biyo baya ya amfane mu: The Milkmaid, mai Hausa da Fulatanci da Larabci, shi aka miƙa a shekarar da ta biyo, sannan Mai Martaba a 2024.

Kuma ba Turawa kaɗai ke sauya wa mutane harshe ba. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899, labarinmu ne na ƙasar Arewa a Nijar, amma da Med Hondo, ɗan asalin Mauritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, a Burkina Faso ya ɗauka, kuma ba Hausa ce ta mamaye maganar ba.

Malama Hadiza Tudun Wada ta ƙara da cewa:

Ɗan Maraɗi, na yarda da kai a kan Lionheart, sai dai ina jin tsoron kada a riƙa cusa yare a fim domin cika sharaɗin gasa kawai, a kawo ɗan wasan da bai iya gaisuwa da Hausa ba a ba shi sarauta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne namu sauyin. Iyayenmu sun shafe shekaru suna cika sinimomin Kano suna kallon finafinan Indiya da harshen Hindi, har suna haddace waƙoƙin, amma yanzu da fassarar Algaita da makamantanta suka yaɗu, matasa da yawa ba sa kallon fim ɗin Indiya sai an ɗora masa Hausa. Idan Malam Garba yana ƙorafin Bajamushe mai Turanci, sai ya gaya mana ra'ayinsa game da ɗan sandan Mumbai mai Hausar Kano.