Metaball: ƙwallo ne, curi ne, ko matso-mu-haɗe?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Yaran da nake koya wa Blender, manhajar ƙera siffofi masu tsawo, faɗi da kauri (3D) a kwamfuta, a nan Ƙofar Ƙaura sun iso kan abin da manhajar ke kira "metaball", kowa kuma da yadda bakinsa ya kama shi: wannan ya ce metabol, wancan ya ce mitabal. Ina so mu samo masa sunan da yaro zai ji ya hango aikin tun kafin a nuna masa.

2/ Ga abin. Ka taɓa lura da ɗigon mai biyu a saman miya? Suna kusantar juna sai wani siririn wuya ya fito a tsakaninsu, wuyan ya yi kauri, can sai ka ga sun zama ɗaya, babu alamar inda aka haɗa. Haka yake yi a allon kwamfuta. Da shi ake siffanta ruwa mai ɗiga, narkakken ƙarfe, kumfa, da jikin halitta mai taushi, duk abin da ba shi da kusurwa.

3/ A cikin kwamfutar babu wata ƙwallo da aka sassaƙa. Akwai cibiya, tana watsa tasiri kewayenta, tasirin na raguwa gwargwadon nisa. A kowane gurbi kwamfuta tana tara tasirin duk cibiyoyin, ta gwada jimillar da wani adadi da ka yanka mata. Inda jimilla ta yi daidai da adadin, nan ake shimfiɗa fata. Misali ka yanka 1. A tsakiyar cibiya biyu kowacce na ba da 0.6. Ita kaɗai ba ta kai ba, wurin fili ne. Su biyu sun ba da 1.2, sun zarce, wurin ya zama tsoka. Wuyan nan ke nan.

4/ Su ma masu abin sunan ya ba su wuya. Jim Blinn, wanda ya yi aiki a cibiyar JPL ta NASA a Amurka, shi ya fito da dabarar don zana ƙwayoyin zarra suna haɗuwa, ya wallafa ta a 1982, aka riƙa ce mata "blobby". Masu bincike a Jami'ar Osaka ta Japan suka zo da tasu a 1985 da sunan "metaball". A 1986 'yan'uwa biyu, Geoff da Brian Wyvill, tare da Craig McPheeters, suka ce "soft objects". Suna uku, abu ɗaya. To bismilla, ku kawo namu.

Wani mai zanen kwamfuta daga Ƙofar Marusa:
Malam, a ce ƙwallon ruwa kawai a huta. Ball ai ƙwallo ne.

5/ Ƙanena, buɗe Blender ka danna Shift da A ka shiga inda aka rubuta Metaball. Iri biyar za ka tarar: mai kama da ƙwallo, mai kama da kafso, shimfiɗaɗɗe, mai siffar ƙwai, da mai kusurwa irin akwati. Duk suna haɗewa. Ranar da ka ce wa yaro "ɗauko ƙwallon nan mai siffar akwati", ka ɓata darasin. Kuma ƙwallo biyu in sun gamu karo suke yi, kowacce ta kama gabanta. Akasin abin da muke nema ke nan.

Wata malamar lissafi daga Daura:
Yaya, me zai hana dunƙule? Ko malmala?

Wata kuma ta amsa mata:
Anti, dunƙule ai masu miya sun riga mu. Ki ce "ƙara dunƙule biyu" a aji ki ga ko ba a kwashe da dariya ba.

6/ Gaskiyarta. Malmala kuwa ta riga ta sandare, ko goma ka jera a kwano kowacce da iyakarta. Ba ta yi ba.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa a cikin birni:
Ɗana, kun tsallake curi. Curin hura, curin ƙasa a hannun magini. Abu ne da bai gama zama komai ba, ana iya ƙara masa, ana iya gutsura. Kuma yana da aikatau a bayansa: a cura, ana curawa, curarre. Kalmar da ba ta juyuwa ba ta daɗewa a bakin mai aiki.

7/ Allah ya ƙara girma, Baba, wannan ta shige ni. Sai da na gwada ta a jimlolin da nake faɗa kullum. "Sa curi uku ka yi mani jikin kwaɗo." "Matso da curin nan kusa da wancan." "Cura kan tukuna, ƙafafu daga baya." Duk sun zauna. Abu ɗaya ya rage mani: curi sai hannu ya matsa shi yake haɗewa da ɗan'uwansa, wannan kuwa tun bai taɓa ba yake miƙa wuya.

Malamar Daura ta dawo:
To ai sai a yi masa laƙabi irin na faɗi-ka-mutu da ka-fi-zabo. Matso-mu-haɗe. Ku lura, matso na ce, ban ce taɓa ba, saboda lissafin da Yaya ya kawo a lamba 3.

Na Ƙofar Marusa:
Ya yi tsawo, Hajiya. Wa zai faɗi wannan sau hamsin a rana?

8/ Ba wanda zai faɗa, kuma ba sai an faɗa ba. Ga inda na tsaya. Cikakken suna, na ranar farko da na rubutu: curin matso-mu-haɗe. A bakin aiki: curi. Ƙarfin da cibiya ke watsawa: tasiri. Adadin da ake yankawa: mizani, in ka sauke shi curi ya kumbura, in ka ɗaga ya tsuke. Abin da ido ke gani: fata. Ita fatar, kwamfuta kan yanka sarari ne zuwa ƙananan akwatuna ta duba waɗanda mizanin ya ratsa, ta ɗinke su da 'yan kusurwa-uku. Shahararriyar hanyar yin haka Lorensen da Cline suka wallafa a 1987 don hotunan asibiti. Shi ya sa in ka ƙanƙanta akwatunan fata ke yin sumul, tsohuwar laftof kuma ta fara nishi.

9/ Saura ɗaya. Akwai curin da tasirinsa na ragewa ne: ka matso da shi sai ya lotsa ɗan'uwansa, da shi ake yin kwarmin ido ko cikin kunne. An ba ni "curin ƙwaƙule" da "ci-rami". Na fi karkata ga na biyun don gajarta, amma Baba bai ce komai ba tukuna. Ranar Asabar zan kai duka biyun aji in ji wadda yaran za su riƙe.