Ina son shiga harkar sayar da kayan asibiti, ta ina zan fara?

Ɗan Wunti: Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa bara, ilimin ƙananan halittu na karanta a jami'ar ATBU da ke Bauchi. A kamfanoni biyu na nemi aikin tallan na'urorin asibiti, duk suka ce sai wanda ya taɓa yi na shekara 2. To in ba a ɗauke ni ba, a ina zan taɓa yi? Yanzu dai shagon kawuna nake zama.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, je wajen masu shagon kayan asibiti, ka roƙi ɗaya ya bar ka kana bin yaransa kai kaya, ko kuɗin Keke kawai zai ba ka. Ni da na'urar gwajin suga na fara. Ribar ba a jikin na'urar take ba, tana cikin tsinken gwajin da masu ciwon suga za su riƙa dawowa saya duk wata. Wata uku na yi kafin na gane haka. Ranar da na fara zuwa wani asibitin kuɗi, matron, wato babbar nas, ta ce in gwada mata na'urar awon hawan jini, na ɗaura mata abin hannun a juye. Har yau ina jin kunyar.

Maman Ilham: Nas ce ni a Gombe. Don Allah kada ka zo mana da safe ana zagayen marasa lafiya, ba mai sauraronka. Kuma ka duba lambar NAFDAC a jikin kwali, za mu tambaya.

Ɗan Wunti: Na gode Yaya, na gode Anti. Lasisin tuƙi fa, dole ne?

Baban Khalifa: Yi shi yanzu. Wata rana Azare za su tura ka, washegari Misau.