Sakuleta ba maganaɗisu a kan cif: ta ina zan fara?

Dalibin_RF:
Salamu alaikum injiniyoyi. Aikin digirina na biyu rediyo ne mai aikawa da karɓa lokaci guda da eriya ɗaya, kusa da gigahaz 1. Sakuleta, wato na'ura mai ƙofa uku da ke raba siginar aikawa da ta karɓa, wadda ke kan teburina ta ferayit ce (wani sinadari mai aiki da maganaɗisu), ita kaɗai ta fi cif ɗin girma, kuma ferayit ba ya shiga CMOS, tsarin da aka saba ƙera cif da shi. Na gwada ta transista a kwamfuta: sigina na bin ƙofa 1 (mai aikawa) zuwa 2 (eriya), 2 zuwa 3 (mai karɓa) daidai, amma hayaniya ta cinye ɓangaren karɓa, da na ɗan ƙara ƙarfi kuma sai ta rikice. Wace hanya ta rage mini?

Injiniya_Tsoho:
Wa alaikumus salam. Bar ta transistar nan, an daɗe ana shan wahalarta. Da'ira ta yau da kullum da ba ta da transista mai ƙara ƙarfi kuma ba ta canjawa da lokaci, yadda sigina ta je haka za ta dawo. A sakuletar ferayit, maganaɗisu ne ke karya wannan ƙa'ida. In babu shi, sai ka sa da'irar ta riƙa canjawa da kanta. Rukunin Andrea Alù a Jami'ar Texas sun yi a 2014 da da'irori uku masu amsa-kuwwa, ana kaɗa kowace da tazarar digiri 120. Amma don cif, ni na fi son ta Jami'ar Columbia ta 2016, ta Reiskarimian da Krishnaswamy: CMOS mai nanomita 65, megahaz 750. Kapasitoci ne tsakanin jerin makunnai biyu, agogon ɗaya (siginar da ke kunna su da kashe su) yana bayan na ɗayan da digiri 90. Aka zagaye su da layi mai digiri 270. Ta wannan gefe lissafi ya cika 360, sigina ta wuce. Ta wancan 180, ta kashe kanta.

Maman_Lab:
Ƙanena, kada kwamfuta ta ruɗe ka. Ita tana ɗauka eriya om 50 ce cif-cif. Ka kai hannu kusa da ita ka gani. Duk abin da eriya ta maido, kai tsaye ƙofa 3 zai faɗa, komai kyan sakuletarka. Ka tanadi da'irar daidaita eriya da sakuleta tun yanzu.

Dalibin_RF:
Na gode, Yaya. To makunnan fa, za su jure ƙarfin mai aikawa?

Injiniya_Tsoho:
Nan gizo ke saƙar. In ka ƙara musu faɗi, asara ta ragu, agogo ya ƙara shan wuta. Faɗa mini miliwat nawa kake son fitarwa tukuna.