Ina jin Turanci amma bakina ya ƙi buɗuwa, a ba ni shawara

Ɗan Gadarif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu.

Ni haifaffen Gadarif ne, a can na gama sakandare, na yi difloma a Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ne ya fito da ni, yanzu ina Jidda, ina aiki a wani sito na kayan gyaran mota a Khumra. Aikina lissafin kaya, abin da ya shigo daga tashar jirgin ruwa da abin da ya fita zuwa shaguna. Mudir ɗinmu, wato manaja, Ba'indiye ne, akwai 'yan Filifin a cikinmu, kuma kullum da safe ana ɗan taro a tsaye, da Turanci.

Takardun kaya ina karanta su ba wahala, imel ma ina rubutawa. Abin da ake faɗa a taro ina gane mafi yawansa. Amma da mudir ya juyo ya ce in faɗi abin da ya rage a sito, sai gabana ya faɗi, jimlar da na shirya ta watse, in miƙa masa takarda kawai. Yanzu ana maganar ɗaukar mai kula da sashe, kuma an gaya mini ƙiri-ƙiri cewa lissafina ba shi da matsala, amma ana son wanda zai iya magana da masu kawo kaya a waya. In shiga kwas ne? Albashin bai taka kara ya karya ba, rabinsa kuma gida yake tafiya.

Abu Hafsa, Riyad: Wa alaikumussalam ƙanena. Kafin maganar kwas, tambaya ɗaya: mudir ɗin nan naka, yaya Larabcinsa yake? Na san amsar. "Inta fi ruh, ana ma fi ma'alum." Da irin wannan karyayyen Larabcin yake yi da direbobi da masu dako tun safe har dare, bai taɓa sunkuyar da kai ba, kuma ana sauke kaya ana loda kaya da wannan Larabcin. Kai da ka tashi cikin Larabci ka taɓa yi masa dariya? To shi ma ba ya zaune yana ƙirga kurakuranka. A taron nan naku babu Bature ko ɗaya. Shi da yarensu ya tashi, ɗan Filifin da nasa, kowa aro ya yi. Abin da mudir yake so ya ji shi ne birki nawa ya rage, yaushe kwantena za ta iso.

Sannan Turancin da kake buƙata a yanzu ɗan kaɗan ne. Taron safiya na sito jimlolinsa ba su canzawa: kaza ya shigo, kaza ya fita, kaza ya ƙare, kaza ya iso a lalace, mun kira kamfani sun ce gobe. Ka rubuta su da daddare, gajeru, ka karanta da ƙarfi kana tsaye, yadda za ka tsaya gobe. Da ƙarfi na ce, ba a zuci ba, don a zuci kowa gwani ne. Kuma kada ka jira ya juyo kanka. Ka roƙe shi ya riƙa farawa da kai. Jiran layi ya zo kanka shi ke tsinka zuciya, in ka riga ka yi naka ka huta.

Ustaz Madina: Ni dai ina ganin kada a raina kwas. Haddar jimloli tana tafiya daidai ne har sai an yi maka tambayar da ba ta cikin haddar, daga nan sai a tsaya cak. Mu nan Jami'ar Musulunci muna gani a ɗaliban da suka zo koyon Larabci: wanda ya haddace gaisuwa kawai da wanda ya zauna ya fahimci ginin jimla, bayan shekara ba a haɗa su. Idan da hali ya samu malami ko da sau ɗaya ne a mako.

Gargaɗi ɗaya dai, ya duba irin kwas ɗin. Da yawa a nan na shirin jarabawar Turanci ta STEP ne, ta Ƙiyas, cibiyar jarabawa ta Saudiyya, ita kuwa zaɓi-ɗaya ce, babu sashen magana a cikinta. Zai biya riyalolinsa ya fito da maki mai kyau, baki na nan a rufe. Jarabawar Turanci ta IELTS ce ke da magana, minti 11 zuwa 14 gaba da gaba da mai jarabawa. Ba na cewa ya zauna ta yanzu, amma ya ari tsarin sashenta na biyu: a ba ka batu, ka yi shiri na minti ɗaya, ka yi magana har minti biyu ba a katse ka ba. Ya riƙa yi a ɗaki yana naɗa a waya, ya saurari kansa.

Maman Walid, Jidda: Ɗana, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a asibitocin nan da Turanci muke miƙa aiki tsakaninmu, mu da 'yan Kerala da 'yan Filifin da Misirawa. Bari in gaya maka abin da ya fi lafazi muhimmanci a aiki irin naka: lamba. A Turanci 15 da 50 sautinsu ya yi kusa ƙwarai, haka 13 da 30, har zuwa 19 da 90, balle a waya da ƙarar motar ɗaga kaya a bayanka. Mu a wajen magani ba a wasa da wannan. In an faɗa maka lamba sai ka maimaita ta, ka warware ta ɗaya-ɗaya, ɗaya da biyar ko biyar da sifili, sai mai faɗar ya tabbatar. Ba wanda ke ɗaukar haka a rashin iya Turanci, ƙa'idar aiki ce, likitoci ma suna yi.

Ka riƙe jimloli uku a bakinka kamar sunanka: a maimaita, a rage sauri, da kuma "bari in faɗa maka abin da na fahimta". Bayan kowace waya ka tura saƙon WhatsApp ka rubuta abin da kuka tsayar, tunda rubutu ka ce ba ya ba ka wahala. Mai kawo kaya ya fi son wanda zai yi masa haka a kan mai zuba Turanci kamar ruwa ya aiko da odar da ba ita ba.

Ɗan Gadarif: Na gode ƙwarai. Yaya Abu Hafsa, maganarka ta sa na tuna wani abu. Gaskiya a farkon zuwana ina ɗan taɓawa. Sai wata rana a walimar suna a Hindawiyya wani ya kira ni daga wajen aiki, na amsa da Turanci. Ina ajiye waya wani matashi cikin 'yan'uwanmu na Najeriya ya kwaikwayi yadda na faɗi wata kalma, duk tabarmar aka kwashe da dariya, har mai zuba shayi ya ajiye buta. Ni "p" ɗin nan ce ba ta fita, wani lokaci ta zama "b" irin ta Larabawa, wani lokaci "f". Tun ranar ko a wajen aiki na buɗe baki sai in ji kamar dariyar nan na jira na.

Ɗan Kurna: Kai jama'a, wannan halin namu ne fa, ba na musu. Mutum zai ji Balarabe ya ce "bebsi" maimakon "Pepsi" ya wuce abinsa, amma Bahaushe ya kuskure harafi ɗaya sai an kai shi Facebook. Kuma wallahi mai dariyar nan in ka ce ya tsaya gaban mutum goma ya yi bayanin minti biyu, zufa za ta wanke shi. Mu ma can gida 'yan kudu da wannan "p" da "f" ɗin suke tsokanarmu tun muna makaranta. Maganinta sauƙi: ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka, ka rufe leɓe gam ka sake iska, in ta yi tsalle ka faɗi "p". Ita "f" haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Sai kuma ka ɗan rage kallon fassarar Indiya-Hausa da daddare, na san ku.

Baba Alhaji, Misfala: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya zaunar da ƙasarku lafiya. Jikana ne ke rubuta mini. Na zauna Omdurman shekaru kafin in ƙaraso Makka, kuma na san tsofaffin da suka yi Jami'ar Khartoum lokacin da da Turanci ake karantarwa, in suna magana sai ka saki baki. Sakandare tun shekarun 1960 aka mayar da ita Larabci, jami'o'i kuma a 1990. Ku da kuka zo baya sai Turanci ya zama darasi ɗaya a cikin darussa, a haddace a rubuta a jarabawa. To ina laifinka a nan? Kana da Hausa, kana da Larabcin da wanda ya yi maka dariya zai shekara biyu a ma'ahad, makarantar koyon Larabci, yana nema. Yaran nan a daina yi wa mutum dariya a gaban jama'a, ba tarbiyya ba ce.

Ɗan Gadarif: Amin Baba, Allah ya ƙara girma. Haka ne kuwa, littafin Turanci na SPINE muka yi, malaminmu da Larabci yake bayaninsa daga farko har ƙarshe. Ban tuna ranar da aka ce wani ya tashi ya yi magana ba.

Abu Hafsa, Riyad: Ustaz, ban ƙi taka ba, amma mutumin da ke rubuta imel ana ganewa ba nahawu ya rasa ba. Kujerar nan kuma ba za ta jira ya gama kwas ba. Ya fara da abin da ke hannunsa, kwas ya biyo baya in aljihu ya yarda.

Ƙanena, ƙari biyu. Cikin 'yan Filifin ɗin nan ka zaɓi mai sauƙin kai, ka ce masa lokacin cin abincin rana za ka gyara masa Larabci minti goma, shi kuma ya yi hira da kai da Turanci minti goma. Suna buƙata, don su ma suna shan wuya a kasuwa da wajen sabunta igama, takardar izinin zama. A motar kamfani kuma ka saka shirin BBC ɗin nan na minti shida na masu koyo, akwai rubutunsa. Kada ka tsaya ga saurare, ka riƙa bin bakin mai magana kana faɗa tare da shi, ko da ƙasa-ƙasa. In ka ɗan warware, akwai ƙungiyoyin Toastmasters a Jidda da nan Riyad, aikinsu ke nan koya wa mutum tsayuwa gaban jama'a, kuma ana barin baƙo ya zo ya kalla.

Ustaz Madina: To na ji. Amma naɗar muryar kada ya bari.

Maman Walid, Jidda: Walid ɗina ya ce in kana so zai riƙa kiranka a waya ya zama mai kawo kaya, ya yi ta jefo maka lambobi da sauri kana maimaitawa. Ranar Juma'a bayan la'asar ba ya komai.

Ɗan Gadarif: Ina so ƙwarai Mama, Allah ya saka da alheri. Na turo miki lambata ta akwati. Sai dai wannan Juma'ar muna ƙirgar kaya ta ƙarshen wata, ko za a bari sai bayan isha'i?

Ɗan Kurna: Ni ma a saka ni a kiran, zan zama mudir.